Shekarar farko a jami'a: yadda zaɓin darussa ke aiki a tsarin LMD

Da zarar sakamakon bak ya fito, hankalin ɗalibai da iyayensu a Nijar da Kamaru da Chadi yakan koma kan samun gurbi da kuɗin rajista da wurin kwana. Sai dai akwai rajista ta biyu da ake yi a makonnin farko, wato rajistar darussa, wadda da yawa ke cikewa cikin gaggawa ko kuma su kwafi ta aboki. Daga wannan takarda ake fara shata hanyar da ɗalibi zai bi har ya kammala.

Mene ne LMD?

Haruffan uku na nufin matakai uku na karatu: lisans mai shekara 3, masta mai shekara 2, sai doktora mai shekara 3. Tsarin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999 a Turai. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta amince da shi a 2007, haka ma ƙasashen CEMAC, ciki har da Kamaru da Chadi, sun rungume shi. Saboda haka ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da na jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa da takwarorinsu na Ngaundere da Marwa da Njamena duk da ma'auni ɗaya ake auna su.

Ma'aunin shi ne kiredi. An raba shekara zango biyu, kowane zango na da kiredi 30, lisans kuwa sai an tara 180. Kiredi ɗaya yana daidai da aikin sa'o'i 20 zuwa 25, kuma ba zaman aji kaɗai ake lissafawa ba, har da karatun da ɗalibi zai yi shi kaɗai.

Rukunan darussa

Ana tattara darussa a rukunai da ake kira UE. Akwai na dole, waɗanda su ne ƙashin bayan fannin kuma su ke ɗauke da mafi yawan kiredi. Akwai na dabarun aiki, kamar hanyoyin bincike da kwamfuta da Ingilishi. Sai na zaɓi, inda ake bai wa ɗalibi jeri ya ɗauka daga ciki. A shekarar farko zaɓin ba shi da faɗi, yana ƙaruwa ne yayin da ake kusantar shekara ta uku, lokacin da fanni ke rabuwa rassa.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Darasin zaɓi kiredinsa kaɗan ne, sai ɗalibi ya ɗauki wanda aka ce ya fi sauƙi. Amma wasu rassan suna bukatar an riga an yi wasu darussa. Mai karatun tattalin arziki da ya kauce wa ƙididdiga, ko mai karatun labarin ƙasa da ya guji zanen taswira da kwamfuta, zai iya tarar da reshen da yake so ya yi masa nisa. Shi ya sa ya fi kyau a fara lissafi daga ƙarshe: wane aiki ko wane masta ake hari, waɗanne darussa yake bukata, sannan a zaɓa.

Tarkon cike giɓi

Ana cin rukuni da maki 10 bisa 20, kuma kiredin da aka ci ya zama na ɗalibi, ba sai ya maimaita ba. Jami'o'i da dama na barin maki mai kyau a wani darasi ya cike giɓin wani. Wannan na taimakawa a wuce zango, amma raunin yana nan rubuce a takardar maki. Shiga masta galibi sai an tantance takardu, kuma masu tantancewa sukan duba makin darussan dole. Makin 16 a darasin zaɓi ba zai ɓoye makin 7 a ginshiƙin fanni ba.

Ga masu tsallaka iyaka

A ƙa'ida, ana iya tafiya da kiredi daga wata jami'a zuwa wata, amma jami'ar da aka nufa ita ke da ikon karɓa ko ƙi, bayan ta gwada abin da aka karanta da nata manhajar. Mai niyyar ƙaura ya kamata ya adana takardar makin kowane zango da bayanin kowane darasi, ya kuma bincika ko hukumar CAMES ta amince da digirin, musamman a makarantu masu zaman kansu. Wanda ke hangen Najeriya ya sani cewa a can digirin farko yawanci shekara 4 ne kuma da Ingilishi ake karatu, don haka darasin Ingilishi ba abin wasa ba ne gare shi.

Kafin sa hannu a takardar rajista, ɗalibi na da damar neman manhajar fanninsa ta zango shida a ofishin sashe, ya kuma tambayi malamin da ke kula da fannin waɗanne darussa ke buɗe kowane reshe. Gyaran zaɓi yakan yiwu ne a makonnin farko kawai, kafin a rufe rajista.