Kafin a sayar da shanu: inda ake samun kuɗin ƙaro karatu a waje

A hutun da ya wuce, bayan sallar la'asar, wani dattijo ya yi mini sallama a gida nan Garwa, ɗansa na biye da shi. Ni na koyar da yaron a lise. Ya gama lisans a Jami'ar Ngaundere, yana son yin masta a Faransa. Wani dillali ya ce su kawo sefa miliyan uku, zai samo masa makaranta da biza. Uban har ya sa an yi wa shanunsa kuɗi.

"Malam, duba mana takardar nan kafin mu biya," in ji shi.

Na duba. Takardar karɓa ce kawai, ba ta faɗi wanda zai ciyar da yaron ba. Na ce, "Baba Alhaji, a bar shanun nan tukuna."

Ga lissafin da na yi masa. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin masta na ɗaliban da ba 'yan Turai ba zuwa yuro 3,770 a shekara, kusan sefa miliyan biyu da rabi, ko da yake wasu jami'o'in suna yafe wani kaso. Ban da haya da abinci ke nan. Jamus kuwa, daga Satumban 2024 ta ce sai ɗalibi ya ajiye yuro 11,904 a asusun banki kafin biza, wajen sefa miliyan 7 da dubu 800. Shanu nawa ke nan? Bashin banki kuma da ruwa yake zuwa, kowa ya san matsayinsa a wurinmu.

Abin da dillalai ba sa faɗa shi ne, akwai tallafin karatu, wanda muke ce wa burs, kuma nemansa kyauta ne. Kamaru tana cikin Faransafoni, ta shiga Commonwealth a 1995, tana kuma cikin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi. Ƙofofinmu sun fi na maƙwabta da dama yawa.

Gwamnatin Turkiyya tana karɓar takardu ta intanet daga Janairu zuwa Fabrairu. Tana biyan kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da kuɗin kashewa, bayan shekara guda ta koyon Turkanci. Sharaɗi: kada mai neman masta ya kai shekara 30, mai neman dakta kuma 35. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai bai sa iyakar shekaru ba, yana ba da yuro 1,400 a wata, ɗalibi ya yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye. Chevening na Birtaniya na masta ne na shekara guda, ana son wanda ya yi aiki shekara biyu, kuma dole ya dawo gida ya yi aƙalla shekara biyu. DAAD na Jamus yana da irin wannan shiri ga ma'aikata. Eiffel na Faransa kuwa, ba ɗalibi ke nema da kansa ba, jami'ar da ta karɓe shi ce ke tura sunansa. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda yana ɗaukar nauyin masu dakta, musamman a fannonin kimiyya. Kuma waje ba Turai kaɗai ba ce: Jami'ar Pan-Afirka ta Tarayyar Afirka tana da cibiyoyi a Ibadan, Nairobi da Tlemcen, ban da ta Yawunde.

Ni kaina rashin sani ya ci ni. Da na fito daga makarantar horar da malamai ta Marwa, ban ji labarin na Turkiyya ba sai ina da shekara 31. An riga an rufe mini ƙofa. Shi ya sa nake ce wa ɗalibaina su fara shiri shekara guda kafin lokaci.

Kuma a fara da takardun gida. Mu nan arewa, sau da yawa sunan da ke takardar haihuwa daban, na bakaloriya daban: nan Mouhamadou, can Mohamadou. Harafi ɗaya yana iya tsayar da dosiye, gyaransa kuma yakan ci watanni. Sai fasfo, da takardun maki, da fassararsu, da wasiƙun malamai biyu da suka san ka da gaske, da jarrabawar Ingilishi in ana buƙata. 'Yan uwana malaman gwamnati kuma, a nemi izinin tafiya karatu a rubuce, kada a dawo a tarar an rubuta mutum cikin waɗanda suka gudu daga aiki.

Ban yi wa Baba Alhaji alkawarin komai ba. Masu nema suna da yawa, gurabe kaɗan ne, ana iya nema sau biyu ko uku kafin a dace. Amma wanda aka ƙi, lokacinsa da kuɗin intanet kawai ya rasa.

Yaron ya gyara sunansa, ya yi fasfo, yanzu yana zuwa wurina duk Asabar muna gyara wasiƙarsa ta neman gurbi. Shanun suna nan a garke. Allah Ya sa a dace.