Beppu, Garin Ruwan Zafi: Abin da Mai Juna Biyu Za Ta Sani Kafin Ta Shiga

'Yar'uwa mai juna biyu, a wannan fitowa za mu leƙa wani gari mai nisa, amma maganar da ke cikinsa ta kusa ce, wato ruwan zafi da jikin mace mai ciki. Sunan garin Beppu, yana bakin teku a jihar Oita, a tsibirin Kyushu da ke kudancin Japan. Akwai jami'ar Ritsumeikan ta Asiya da Fasifik a can, wadda aka buɗe a 2000, ɗalibai daga ƙasashe da yawa suna karatu a cikinta, kuma garin yana da masallaci. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana ki ji an ce maigida zai tafi karatu ko taro, kuma da ke za a yi tafiyar.

Abin da ya sa garin ya yi suna shi ne ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen Japan ke kira onsen. Maɓuɓɓugansa sun haura 2,000. A unguwar Kannawa tururi yana fita har daga magudanan ruwa na gefen titi, kuma da shi ake turara ƙwai da kayan lambu. Akwai wasu tafkuna da suke kira jigoku, ma'ana jahannama, waɗanda na kallo ne kawai. Mai launin shuɗi a cikinsu, Umi Jigoku, zafinsa ya kai digiri 98 a ma'aunin Salshiyas, saura kaɗan ya tafasa. A tsohon gidan wanka na Takegawara kuma binne mutum ake yi cikin yashi mai ɗumi, a bar kansa kawai a waje.

To, mai ciki za ta iya shiga? Shekaru da yawa sunan mai juna biyu yana cikin jerin waɗanda aka gargaɗe su da shiga onsen. A 2014 ma'aikatar muhalli ta Japan ta cire shi, domin babu hujjar cewa sinadaran ruwan suna cutar da ciki. Amma ki lura, ruwan aka wanke daga zargi, ba zafin ba. Idan zafin jikinki ya haura digiri 39 a makonnin farko, lokacin da ƙwaƙwalwa da lakar jariri ke haɗuwa, hatsarin samun tawaya a wannan wuri yana ƙaruwa. Wannan haɗuwa tana kammala wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da shi ba. Ruwan gidajen wanka kuwa yakan kai digiri 40 zuwa 42, wasu na Beppu sun fi haka.

A watannin gaba matsalar daban ce. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini na fata, jini ya sauka, ki miƙe jiri ya ɗebe ki, ga daɓen yana da santsi, ga ciki ya rufe miki ganin ƙafa. Shawarata ita ce, a wata ukun farko ki haƙura da shiga. Bayan nan, idan likitanki ya yarda, ki zaɓi ruwa mai ɗumi, kada ki wuce minti 10, ki sha ruwa kafin ki shiga, kuma kada ki shiga ke kaɗai. Yashin nan kam ni ban ga amfaninsa gare ki ba, tunda nauyi ne a kan ciki kuma kwance rigingine ake yi. Idan kina da hawan jini, ciwon zuciya, zubar jini, ko faya ta fashe, babu maganar shiga. Akwai ƙananan tafkunan ɗumama ƙafa a wurare da dama, su sun ishe ki.

A gidajen wankan jama'a ba a shiga da tufa, maza daban mata daban. Wadda hakan bai kwanta mata ba tana iya kama ɗakin wanka na iyali, ana biyan kuɗinsa na sa'a guda.

Mu ma fa masu ruwan zafi ne. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan mata masu kumburin jiki da gazawar zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya ƙarin aiki. Ba mu ce a daina wanka ba. Iyayenmu masu yi wa mai jego wanka, don Allah a sirka ruwan, a taɓa da gwiwar hannu tukuna. Mai jegon da numfashi ke yi mata wuya idan ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, a kawo ta asibiti a ranar.

Ita kanta tafiyar doguwa ce. Babu jirgin da ke tashi daga Nijeriya kai tsaye zuwa Japan, sai an yada zango, kuma daga Fukuoka zuwa Beppu wajen sa'a biyu ce a jirgin ƙasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin mako 14 da 28. Yawancin kamfanonin jirage suna neman takardar likita bayan mako 28, kuma ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36, mai tagwaye ma tun kafin nan. Dogon zama yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, don haka ki nemi kujerar gefen hanya, ki riƙa tashi kina takawa, ki sa safa mai matse ƙwauri. Mai sikila ta fara ganin likitanta kafin a sayi tikiti.

Wajen abinci, mutanen bakin teku suna alfahari da ɗanyen kifi, a wasu wuraren Kyushu har ɗanyen naman kaza ake ci, ɗanyen ƙwai kuma a kan shinkafa. Duk ki bar su, ki ci dafaffe. Manyan kifaye irin su tuna suna tara sinadarin makuri, ki rage su. Ki kuma tambaya, domin naman alade da giyar girki suna shiga miya da romo da yawa.

Ki tafi da katin awonki da magungunan ƙarin jini da folik asid, da inshorar tafiya wadda ta haɗa da ciki, saboda baƙo shi ke biyan kuɗin asibiti. Idan zazzaɓi ya kama ki a can, ki faɗa wa likita tun farko cewa daga ƙasar da ake maleriya kika zo, domin ba cutar da suka saba gani ba ce. Lambar motar asibiti a Japan ita ce 119.