Hawan Dala da damina

Ƙasarmu ta Agye da Gazawa da Gidan Rumji shimfiɗaɗɗiya ce. In ban da tudun rairayi, babu abin hawa. Amma ƴan kasuwarmu da yawa sukan bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina su shiga Kano. Su sayi haja, su ɗaure kaya, su komo, ba su ko ɗaga kai sun dubi dutsen da ya haifi birnin ba. Wannan hasara ce.

Dutsen Dala yana cikin tsohon birni. Bisansa ya kai mita 534 daga gaɓar teku, amma daga gindinsa hawan ba shi da yawa. An yi masa matakala ta siminti, sama da 100. Yaro yana hawa da gudu, tsoho ya huta sau biyu ko uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sassafe da damina, bayan ruwa ya wanke ƙura. A riƙe ruwan sha, a sa takalmi mai kama ƙasa, don jar ƙasar tana santsi.

In mutum ya kai bisa, sai birni ya buɗe masa. Ga Goron Dutse daga yamma. Ga hasumiyoyin babban masallaci kusa da gidan Sarki. Ga wajen kasuwar Kurmi, wadda Muhammadu Rumfa ya kafa a zamanin sarautarsa, 1463 zuwa 1499. A gindin dutsen nan maƙera suka fara narka tama tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano ya ce Barbushe yakan gana da Tsumburbura, ya faɗa wa jama'a abin da za ya faru. Bagauda ya zo daga baya, a shekarar 999.

To, amma mai hawa zai ga abin takaici. Ruwan damina yana cin gefen dutsen, ya tsaga kwazazzabai. Gidaje sun matso har gindinsa, shara kuma ta yi yawa. A 2007 Najeriya ta sa Dala da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta karɓa, amma takarda ba ta tare zaizaya. Manominmu ya san haka, shi da yake barin tsiron itace cikin gona don ya riƙe ƙasa.

Bagobiri da Bakatsine ba baƙi ba ne a Dala, gama Kano da Gobir da Katsina duk cikin Hausa Bakwai suke. Saboda haka, in Allah ya kai ka Kano, ka ba dutsen nan awa guda. Ka tafi da ɗanka, ka nuna masa, kada kuma ku bar ko leda ɗaya a bisa.