Gado, Haya da Yawon Buɗe Ido a Unguwar Kampung Baru ta Birnin Kuala Lumpur

Tsakure

Wannan maƙala ta duba unguwar Kampung Baru da ke tsakiyar Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, inda gidajen katako na gargajiya suka ci gaba da wanzuwa a gindin dogayen benaye. Ta nuna cewa dokar da ta hana baƙo mallakar filin, haɗe da rabon gado na tsawon shekara ɗari da doriya, ita ce ta tsare unguwar, kuma ita ce ta ɗaure hannun masu ita.

1.0 Asalin Unguwar

A ƙarshen ƙarni na 19 Kuala Lumpur gari ne na haƙar kuza, kuma akasarin mazaunansa Sinawa ne da suka zo neman arziki. Turawan mulkin mallaka na Ingila sun ga cewa Malayawa, waɗanda su ne 'yan ƙasa, ba su da wurin zama na kirki a cikin garin da ke bunƙasa. Saboda haka a shekarar 1900, zamanin Sarkin Selangor Alauddin Sulaiman Shah, aka keɓe fili mai faɗin eka ɗari biyu da 'yan kai a arewacin kogin Klang, aka ayyana shi a matsayin matsugunin noma na Malayawa. Ma'anar sunan Kampung Baru ita ce "sabon ƙauye". An raba filin zuwa ƙananan ƙauyuka bakwai, inda zuriyar mutanen Jawa da Minangkabau da Mandailing da Melaka suka zauna, kowace al'umma da ɓangarenta.

Mai karatu Bahaushe zai iya tuna Sabon Garin Kano, wanda Turawan suka kafa a farkon ƙarni na 20. Sai dai manufar ta sha bamban. A Kano an ware baƙi ne aka ajiye su a wajen ganuwa, a Kuala Lumpur kuwa 'yan ƙasa aka ware wa wuri a cikin garin da baƙi suka rinjaye shi. Sharaɗin da aka gindaya shi ne, filin ba ya fita daga hannun Malayawa, kuma tsarin mulkin Maleshiya ya fassara Bamalaye da wanda yake Musulmi, yake magana da harshen Malay, yake kuma bin al'adun Malayawa.

Unguwar ta samu matsayi na siyasa da ya zarce girmanta. A kulob ɗin Sultan Sulaiman da ke cikinta aka yi babban taron ƙungiyoyin Malayawa a watan Maris na 1946, wanda ya kai ga kafa jam'iyyar UMNO. A nan kuma rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayu 1969 ya fara ruruwa. Shi ya sa duk gwamnatin da ta tashi taɓa filin, takan tarar ba batun gidaje kaɗai ta taɓo ba.

2.0 Yadda Gado Ya Ɗaure Filin

Tsallaken kogin, a tazarar da ba ta wuce tafiyar 'yan mintuna da ƙafa ba, tagwayen benayen Petronas suke tsaye, masu tsawon mita 452, waɗanda aka kammala a 1998. Fili a wannan yanki yana cikin mafi tsada a ƙasar baki ɗaya. Bisa lissafi, ya kamata a ce masu filayen Kampung Baru attajirai ne. A zahiri da yawansu ba haka suke ba, kuma dalilin sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'a a Kano ko Zariya ya ga yadda ake fama da gidan gado.

Mutumin da aka bai wa fili a 1900 ya rasu ya bar 'ya'ya, su ma suka rasu suka bar nasu. Rabon gado bisa fara'id yana ba kowane magaji kasonsa, amma filin da bai fi na gida ɗaya ba, ba ya yankuwa gida ashirin ko talatin. Sai kason ya tsaya a takarda, wani yana da sudusi, wani sumuni, wani kuma ɗan guntu daga cikin sumunin. A lokuta da dama ma ba a yi rabon ba, sunan kakan da ya daɗe da rasuwa ne har yanzu a kan takardar mallaka. A yau filaye ɗari takwas da 'yan kai suna da masu haƙƙi fiye da dubu biyar. Wasu magadan sun koma wasu jihohi, wasu ba a san inda suke ba, kuma ba a iya sayar da fili ko jinginar da shi ga banki sai da amincewar kowa.

A kan wannan kuma sai sharaɗin mallaka ya ƙara nauyi. Tunda Bamalaye kaɗai zai iya saye, masu sayen sun taƙaita, farashin kuma ya faɗi ƙasa da na filin da ke tsallaken kogi. Mafitar da iyalai da yawa suka samu ita ce haya. Suna kakkafa ƙananan ɗakuna a harabar tsohon gida, su ba ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi, ciki har da 'yan ci-rani daga Indunusiya, su raba kuɗin a tsakaninsu. Ta haka unguwar da aka keɓe domin masu ita ta cika da 'yan haya, waɗanda ba su da ta cewa a duk wata tattaunawa kan makomarta, alhali su ne za su fara rasa matsuguni idan aka rushe ta.

3.0 Yunƙurin Gwamnati

A 2011 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar kafa hukumar raya Kampung Baru. A 2019 ministan yankunan tarayya na lokacin, Khalid Samad, ya yi tayin sayen filayen a kan ringgit 850 kowace ƙafa murabba'i, daga baya aka ɗaga tayin zuwa ringgit 1,000, inda za a biya 150 daga ciki da hannun jari. Wasu magadan sun yi na'am, musamman masu ƙaramin kaso waɗanda ba su da wata hanyar mayar da shi kuɗi. Wasu suka ƙi, suna ganin an yi wa filin araha. Gwamnatin ta faɗi a Fabrairu 2020, shirin ya bi ta.

Abin da ya faru a Kampung Sungai Baru, wani yanki da ke maƙwabtaka amma ba ya ƙarƙashin kariyar 1900, ya ƙara wa masu filayen tsoro. A can an yi amfani da dokar karɓar filaye ta 1960 aka ƙwace gidaje domin aikin gine-gine na kamfani mai zaman kansa, mazauna da dama kuma suka yi ta ƙorafin cewa diyyar ba ta kai darajar wurin ba.

4.0 Abin da Baƙi ke Zuwa Gani

Abin lura shi ne, wannan cikas ɗin da masu tsara birni ke kuka da shi, shi ne ya samar da abin da masu yawon buɗe ido ke nema. Da an warware gadon tun shekarun 1990, da babu gidan katako mai ƙafafu ko bishiyar ayaba da za a ɗauka hoto da benayen Petronas a bayansu. A Fabrairu 2020 aka buɗe gadar masu tafiya da ƙafa ta Saloma, mai sunan shahararriyar mawaƙiyar nan matar P. Ramlee, wadda ta tsallake kogin da babbar hanyar mota ta haɗa unguwar da titin Ampang. Da dare fitilunta sukan jawo jama'a, daga nan su gangara titin Raja Muda Musa domin cin nasi lemak, wato shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa. A watan azumi babban masallacin unguwar yakan dafa bubur lambuk, wani faten shinkafa mai nama da kayan ƙamshi, a raba kyauta, al'adar da ta shafe shekaru masu yawa.

Ribar wannan zirga-zirga tana shiga aljihun masu sayar da abinci, da masu yi wa baƙi jagora, da otal-otal ɗin da ke tsallaken kogi. Magajin da ke zaune a wata jiha da sudusinsa a takarda ba ya ganin komai daga ciki. Mai gidan katakon da ake ɗauka hoto kuwa, shi ke sayen katako da kwano duk lokacin da damina ta ɓata rufin, ba tare da damar karɓar bashin banki a kan filin ba, domin sauran magada ba su sa hannu ba.