TAYAR SAFAYA A MOTOCIN RANGADI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta, an shimfiɗa kwalta a hanyoyi da dama. Duk da haka, wanda ya tashi daga Takur zai shiga ƙauyukan Kiyawa, ko Jahun, ko Miga, ko Buji, ko Gwaram, ya san akwai inda kwalta ta ke ƙarewa. Daga nan sai rairayi da rani, sai taɓo da damina. Sabo da haka ne a ke yin rangadi da motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Toyota Hilux, wadda ta fito daga Japan a 1968, da Land Cruiser.

Masu irin waɗannan motoci su kan cire tayoyin da motar ta zo da su, su sa waɗanda suka fi girma, domin cikin mota ya ɗaga daga ƙasa, ta kuma rage kafewa a yashi. Amma sau da yawa huɗu kaɗai a ke saye. Ta biyar, watau tayar ajiya wadda direbobi ke kira safaya, sai a bar ta yadda ta ke, ƙarama. Ba a tunawa da ita sai ran da ƙaya ko ƙusa ta huda taya a dawa. Wannan takarda za ta bayyana abin da ke faruwa in an ɗaura ƙaramar safaya tare da manyan tayoyi, da abin da ya kamata a yi.

YADDA A KE GANE GIRMAN TAYA

Kowace taya tana da lambobi a gefenta. A misalta da 265/65 R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita. Lamba ta fari, 265, ita ce faɗin taya da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin 100 na faɗinta. Ta uku, 17, ita ce faɗin wili da inci. In an yi lissafi, tsayin wannan taya daga ƙasa zuwa sama milimita 776 ne.

To, a ce an sauya ta da 285/70 R17. Tsayin wannan milimita 831 ne. Bambancinsu milimita 55, watau inci 2 da 'yan kai. A ido ba wani abu ba ne. Amma a kilomita guda babbar za ta juya kamar sau 383, ƙaramar kuwa sau 410. Ke nan a kowace kilomita ƙaramar tana riga 'yar'uwarta da juyi 27, a kilomita 20 kuwa juyi 540. Gefen da ta ke kuma zai sunkuya da fiye da inci guda.

ABIN DA KE WAHALA A CIKIN MOTA

Manomi ya san in aka haɗa babban sa da ƙarami a karkiya ɗaya, kuyya ba ta miƙewa, dukkansu biyu kuma sai sun galabaita. Haka ƙafafun mota su ke.

Tsakanin ƙafafu biyu na baya akwai wata tukunyar ƙarfe cike da haƙora da mai, wadda farfela ke shiga cikinta. Aikinta raba ƙarfin inji ga ƙafar dama da ta hagu. An yi ta ne yadda in mota ta sha kwana, ƙafar waje za ta iya juyawa fiye da ta ciki. A miƙaƙƙiyar hanya ƙananan haƙoran da ke wannan aiki hutawa su ke yi. In aka sa ƙaramar taya a gefe ɗaya, sai su zama kamar motar tana cikin kwanar da ba ta ƙarewa. Ba hutu, mai ya yi zafi, haƙora su riƙa cin juna. A waɗansu motoci akwai faifai a cikin tukunyar masu hana ƙafa ɗaya zamewa, waɗannan su ne ke fara lalacewa.

Abu na biyu ya fi wannan tsanani. Hilux da ire-irenta da ƙafafun baya kaɗai su ke tafiya, sai direba ya sa giyar ƙafa huɗu, wadda a ke rubutawa 4H ko 4L. Da ya sa ta, farfelar gaba da ta baya sun ɗaure ke nan, dole su juya daidai da juna. In ƙafa ɗaya ƙarama ce, gaba da baya ba za su daidaita ba. A cikin yashi ko taɓo taya ta kan ɗan zame, ƙarfin ya fita. A kan kwalta ko busasshiyar burji ba zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin ƙarafa. Sitiyari ya yi nauyi, giya ta ƙi fita, in an matsa wani abu ya karye.

Na uku shi ne birki. Mota mai ƙafa ɗaya gajera ta kan ja gefe, balle in an taka birki da gaggawa. Motocin zamani suna da na'ura mai ƙidaya juyin kowace ƙafa domin daidaita birki. In ta ga ƙafa ɗaya tana sauri kullum, ta kan rikice, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. Bugu da ƙari, ƙaramar taya ta fi saurin nutsewa a rairayi, wata kuma ba ta ɗaukar nauyin da manyan ke ɗauka.

IN YA ZAMA DOLE

Da babu gara ba daɗi. In taya ta fashe tsakanin ƙauye da ƙauye, ga mai naƙuda a mota za a kai ta asibitin Jahun ko na Birnin Kudu, ba wanda zai ce a tsaya. A ɗaura ƙaramar, amma a kiyaye waɗannan sharuɗɗa.

1. A tsaya a wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare ƙafafu da dutse. In yashi ne, a shimfiɗa katako ƙarƙashin jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak.

2. A motar da ke tafiya da ƙafafun baya, ƙaramar taya gaba za ta. In ta baya ce ta fashe, a cire lafiyayya daga gaba a mai da ita baya, a sa safaya a gurbinta. Aikin ya zama biyu, amma ƙafafun da ke jan mota sun zama daidai. Direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, don motar za ta ɗan ja gefe.

3. Kada a sa giyar ƙafa huɗu a kan kwalta ko burji. In an tarar da yashi ko taɓon da ba ya ƙetaruwa sai da ita, a sa, da an fita a cire nan take.

4. In motar tana da makullin da ke ɗaure ƙafafu su juya tare, kada a taɓa shi muddin ƙaramar taya tana ɗaure.

5. Motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja kullum, kamar Prado, ba su da ƙafar da ta ke hutawa. Duk inda aka sa ƙaramar, haƙora na wahala. Irin waɗannan sai a taƙaita tafiya ƙwarai.

6. A rage gudu. Ƙananan safaya da kamfanoni ke yi don larura a kan rubuta musu kada a wuce kilomita 80 a sa'a. A hanyoyin karkara ya kamata a yi ƙasa da haka nesa, a bar rata mai yawa don birki.

7. In da hali a rage kaya da mutane.

8. A tsaya wurin mai faci na farko, a gyara babbar a mayar. Kada a ce sai an koma Dutse.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Duk wannan wahala tana da magani ɗaya: ran da za a sayi manyan tayoyi, a sayi biyar. In kuɗi bai kai na biyar ba, gara a bar motar da tayoyinta na asali. Kafin a biya, a gwada a ga ko babbar safaya za ta shiga mazauninta, domin a Hilux ƙarƙashin bodi ta ke, wurin kuwa yana da iyaka. In ba ta shiga ba, a ɗaure ta tamau a cikin bodi.

Ana roƙon kowane malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa domin motar rangadi. Ya rubuta lambobin tayoyin nan biyar, ya duba da idonsa ko iri ɗaya ne. Ya rubuta shekarar kowacce. Ana samunta a lambobi huɗu da ke gefen taya: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle a zafin ƙasar nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi.

Har wa yau, kada a dogara da aron safaya. Ƙafar Hilux noti 6 gare ta, waɗansu Land Cruiser kuwa 5, ta wannan ba ta shiga ta waccan.

Kowane wata, da kuma jajibirin kowane rangadi, direba ya sauko da safaya a gaban malami, a gwada iskarta, a ga jak da sufana da katako da famfo suna nan. Ya fi kyau a gama wannan tun cikin watan Mayu, kafin ruwa ya sauka fadamu su cika.

Ana fata hakimai za su sa a karanta wa direbobinsu wannan takarda, su kuma isar da ita ga dagatai da masu unguwanni, domin masu motocin da ke ɗaukar jama'a zuwa kasuwar Shuwarin da sauran kasuwanni su ji. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.