Taron London na 1926: daidaiton da bai game kowa ba

A watan Oktoba na shekara ta 1926, shugabannin gwamnatocin Kanada, Ostiraliya, Niyu Zilan, Afirka ta Kudu, Ayilan da tsibirin Niyufawunlan suka hallara a birnin London bisa jagorancin firaministan Ingila, Stanley Baldwin. Ƙasashen nan kowace tana da majalisarta da gwamnatinta, amma majalisar London tana da ikon yi musu doka.

Biyu daga cikin baƙin sun zo da kuka. Mackenzie King na Kanada ya saɓa da gwamna-janar Byng, wakilin sarki, wanda ya ƙi rushe majalisa sa'ad da ya nema. Janar Hertzog na Afirka ta Kudu kuwa ya dage sai an rubuta ƙarara cewa ƙasarsa ba ta ƙarƙashin kowa.

Kwamitin da Balfour ya shugabanta ya raba gardama: Ingila da ƙasashen nan matsayinsu ɗaya ne, mubaya'a ga sarki guda ce ta haɗa su. Gwamna-janar kuma ya daina wakiltar gwamnatin Ingila, sai sarki kaɗai. A 1931 dokar Westminster ta tabbatar da wannan matsayi.

Sai dai daidaiton ya tsaya ga ƙasashen da farar fata ke riƙe da ragamarsu. Indiya ta halarci taron, amma sai a 1947 ta sami ƴanci. Ƙasar baƙar fata ta farko a Afirka da ta sami wannan kujera ita ce Gana, a 1957, bayan shekara 31.