Fassarar Littafi Mai Tsarki a Tarihin Zuben Hausa

Masu koyar da adabi sukan fara tarihin ƙagaggun labaran Hausa daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Amma shekara guda kafin nan, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja ragamarsa. Tun kafin shi, J. F. Schön ya fitar da Linjilar Matiyu a 1857 da Sabon Alkawari a 1880, da taimakon Hausawa irin su Dorugu, wanda matafiyin nan mai bincike, Barth, ya kai Ingila. Duk mai son ganin yadda zuben boko ya yi rarrafe har ya miƙe, bai kamata ya tsallake waɗannan littattafai ba.

Abin da ya sa aka yi ta maimaita fassarar shi ne bazuwar harshen kansa. Kasuwanci da layin dogo, kamar wanda ya ratsa Gagarawa zuwa Nguru, sun tara baƙi masu harsuna dabam-dabam, Hausa ce kuma ta haɗa su a kasuwa da wurin ibada. Da masu karatu suka ƙaru, sai kunnensu ya fara ƙin jimlar da ke da ƙamshin bakin Bature, aka sake fassara, wadda ta fito wajajen 1980, sannan wasu suka biyo baya. Sakamakon haka, manazarci yana da matani guda a bakin zamani dabam-dabam, abin da da wuya a samu a wani littafin Hausa. Zai iya jera labarin Yusufu ko Ayuba ya ga yadda ginin jimla da zaɓen kalma suka sauya. Zabura ta fi ba da aiki, domin waƙar Ibraniyanci tana tafiya ne a kan maimaita ma'ana a layuka biyu, rubutacciyar waƙar Hausa kuwa ta ginu a kan kari da amsa-amo. Yadda mafassara suka warware wannan bambanci darasi ne a kan salo.

Akwai masu ganin cewa irin wannan nazari ƙofar wa'azi ce aka buɗe ta bayan gida. Damuwar tana da tushe, tun da mishan ne suka fara aikin, kuma don yaɗa addini suka yi shi. Sai dai nazari dabam, imani dabam. Al-Biƙa'i, malamin ƙarni na 15, ya kawo nassoshin Attaura da Linjila a tafsirinsa Nazmud Durar bai bar akidarsa ba. Wasu Kiristoci kuma suna ganin auna littafinsu da ma'aunin adabi rage masa daraja ne, alhali ilmin balaga a wajen Musulmi ya bunƙasa ne saboda girmama Alƙur'ani. Sharaɗin dai shi ne malami ya tsaya a kan harshe da tarihi, ya bar hukuncin akida ga masu shi. Idan aka kiyaye haka, ɗalibin Hausa a Gumel ko Kano zai san tarihin rubutunsa ba tare da giɓin shekara saba'in da biyar, daga 1857 zuwa 1932, ba.